Injin Zuƙe Ƙurar Katako Na Hannu: Wanne Za Ka Ɗauka, Wanne Za Ka Bari?

Duk wanda ya taɓa tsaga katako da injin zarto a rufaffen ɗaki ya san abin da hasken rana kan tona idan ya ratso ta taga. An kashe inji, an share ƙasa tsaf, amma ga wani farin hazo yana yawo a hankali cikin hasken, kuma zai daɗe bai sauka ba. Saboda wannan hazon ake sayen injin zuƙe ƙura. Tulin garin katakon da ke ƙasa, tsintsiya ma ta ishe shi.

Na fara da wannan ne domin yawancin masu neman inji na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, girman buhu da sheƙin fenti suke dubawa. Su kunna, su ga ya haɗiye sassaƙe, su biya. Alhali inji kan iya barin ƙasa fes, ita kuwa ƙurar da ke cutar da mutum yana fesa ta cikin ɗaki ta jikin buhunsa, daidai tsayin hancin mai aiki.

Tun 1995 hukumar IARC, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya mai binciken cutar kansa da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya ƙurar katako a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam, musamman ta cikin hanci da kogunan da ke kewaye da shi. Ga kuma asma da ƙaiƙayin fata da wasu itatuwa kan jawo. A Birtaniya doka ta ƙayyade wa wuraren aiki miligiram 3 na ƙurar katako mai tauri a kowace kubik mita ta iska, Tarayyar Turai kuwa ta sauko da nata zuwa miligiram 2 tun watan Janairun 2023. Don ka ga ƙanƙantar wannan adadi, ɗauki ɗaki mai tsawon mita 6, faɗin mita 4, tsayin mita 2 da rabi. Iskar cikinsa kubik mita 60 ce, ke nan miligiram 120 kacal sun isa su kai ta iyakar Turai. Tsaga guda ta mita ɗaya a katako mai kaurin milimita 20, da zarto mai cin milimita 3, tana mayar da kimanin giram 36 na katako gari. Ko kashi 1 cikin 100 ne ya tashi sama, an ninka iyakar sau uku.

Ƙurar da ke wucewa can cikin ƙirji ita ce wadda ba ta kai maikiron 10 ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin kai kuwa kusan maikiron 70 ne. Ka riƙe lambar nan ta 10, za mu dawo kanta idan muka zo maganar buhu.

Sayen na hannu kuwa dabara ce mai kyau a wannan fanni, fiye da a yawancin kayan kafinta. Babban injin zuƙe ƙura abu huɗu ne: moton lantarki, farfela, gidan ƙarfen da take juyawa a ciki, sai filta. Ukun farko kan yi shekaru masu yawa ba su gaji ba idan ba a wulaƙanta su ba. Ta huɗun ce ke mutuwa, kuma ita ce lafiyarka ta rataya a kanta. Saboda haka ƙa'idata ɗaya ce: moto da farfela da gida kake saya. Filtar da ke jiki ka ɗauka babu ita, ka sa kuɗin sabuwa cikin lissafi kafin ka taya.

Zuƙa iri biyu ce

Akwai inji mai ƙarfin ja amma iskar da yake ɗiba kaɗan ce, akwai mai ɗibar iska da yawa amma jansa ba shi da ƙarfi. Na farko shi ne bakyum na shago, mai siririn tiyo wanda bai wuce inci 2 da rabi ba. Na biyu shi ne babban mai farfela, wanda bakinsa ke farawa daga inci 4. Babu mai maye gurbin wani. Ka haɗa bakyum da injin fere katako, tiyon zai toshe kafin ka gama falanki biyu. Ka tsuke bakin babban inji ka haɗa shi da ƙaramin injin samfefa da ake riƙewa a hannu, kusan babu abin da zai ja, domin ba shi da ƙarfin janyo iska ta ƙaramar kafa. Tambayar farko ke nan: da waɗanne injuna kake aiki? Idan duk waɗanda ake riƙewa a hannu ne, irin su injin samfefa da zarton da ake turawa bisa katako, bakyum mai kyau ya ishe ka, babban inji ɓarnar wuri ce kawai.

Shi bakyum ne na fi ɗari-ɗari da saye na hannu. Motonsa irin mai burushin kabon ne, mai gudun tsiya da ƙara, kuma kwanansa bai kai na babban moto ba. Kunna shi ka leƙa ta kafofin iska. Ɗan tartsatsi kaɗan ba laifi, amma idan wuta ce ke kewaye ciki ko kana jin ƙauri, ya kusa gamawa. Kada lambar ƙarfin doki da aka manna a jikinsa ta ruɗe ka. Akwai masu rubuta doki 6. Doki ɗaya wat 746 ne, shida ke nan sun kusa wat 4,500, alhali soket na gida a Amurka mai bolt 120 da amfiya 15 wat 1,800 kawai yake iya bayarwa. Lambar ta abin da moto ya fizga ce na ɗan ƙiftawar ido, ba ta aiki ba.

Abin da ya fi wannan lamba amfani shi ne harafin da ake sa wa bakyum na masu sana'a a tsarin Turai: L, M ko H. Mai L yana tare kashi 99 cikin 100 na ƙura, mai M kashi 99.9, mai H kashi 99.995. Mai M shi ake so ga ƙurar katako, kuma yana da ƙararrawa da ke kaɗawa idan gudun iska a tiyo ya gaza mita 20 a daƙiƙa. Festool, Bosch, Makita da Nilfisk duk suna ƙera irinsu. Idan ka samu ɗaya na hannu, toshe bakin tiyon da tafin hannu ka ji ko ƙararrawar na aiki, ka gwada soket ɗin jikinsa wanda ke tayar da shi da zarar an kunna injin da aka jona, sannan ka tabbata har yanzu ana sayar da filtarsa da jakunkunansa. Bakyum ɗin da aka daina yi wa filta bokiti ne mai taya.

Sai wata tambaya da ta fi duk waɗannan nauyi: me ya zuƙa a da? Bakyum ɗin da ya fito daga wurin gini ko rushe tsofaffin gidaje yana iya ɗauke da ƙurar siminti, ta fenti mai dalma, ko ta asbesto. Wannan ba ta fita da kakkaɓa, tana maƙale a tiyo da hanyoyin iskar moto. Idan mai shi bai san tarihinsa ba, ni dai ba na ɗauka ko kyauta ne.

Mai buhu da mai guguwa

A nan ne ainihin zaɓin yake ga mai zarton teburi, injin fere katako ko injin daidaita gefe.

Mai buhu shi ne wanda kowa ya sani: moto da farfela a kan keken ƙarfe, buhu ɗaya a sama yana kumbura, ɗaya a ƙasa yana tara gari. Ƙarfinsa yawanci doki 1 zuwa 2. Shi ya fi yawa a kasuwar kayan hannu, domin duk wanda ya ƙara girma a sana'a shi yake fara sayarwa. Jet, Delta, Grizzly da Harbor Freight sun cika Amurka da shi, a Turai kuma ga su Record Power, Axminster da Scheppach. Da yawansu ƙirarsu kusan ɗaya ce, abin da ke sauƙaƙa samun filtar da za ta hau.

Lahaninsa biyu. Na farko, duk abin da ya zuƙa sai ya bi ta cikin farfela kafin ya isa buhu: gari, sassaƙe, guntun katako, ƙusa, har ma'aunin da ya faɗi ƙasa. Shi ya sa farfelar tsohon mai buhu ke shan duka, kuma ita za ka fi dubawa. Ƙusa idan ta bugi farfelar ƙarfe tana iya yin tartsatsi ya faɗa cikin buhun gari, ya yi ta cin ciki ba hayaƙi sai bayan an rufe shago. Na biyu shi ne buhun saman. Tsofaffi da masu araha da buhun maikiron 30 suke zuwa. Tuna lambarmu ta 10. Buhun da kofofinsa suka kai 30 yana riƙe abin da da ma ƙasa zai faɗi, ya saki wanda ke shiga huhu. Ni ma na daɗe ina aiki da irinsa ina jin daɗin tsabtar ƙasa, sai da na lura kullum da safe akwai lallausan gari kamar hoda a kan kantocin da ba na ko zuwa kusa da su, sannan na gane daga ina yake fitowa.

Maganin shi ne a cire buhun saman a ɗora filta mai naɗe-naɗe kamar ganga, wadda ke tare ƙura har maikiron 1 ko ƙasa da haka. Ribarta biyu ce: tana kama lallausar ƙura, kuma da yake faɗin jikinta idan an warware ya ninka na buhu sau da yawa, iska ta fi samun hanyar fita, ja ya ƙaru. A ƙasa kuma a sa leda mai kauri maimakon buhun yadi. Kafin ka biya kuɗin inji, auna faɗin zoben ƙarfen da buhu ke hawa, ka tabbata akwai filtar da ta yi daidai da shi. Sau da yawa kuɗin filtar kan kusa kamo na tsohon injin, wani lokaci ya wuce. Wannan ba dalilin fasawa ba ne, amma a jimillar biyun ake yin ciniki.

Lallausar filta kuwa saurin toshewa gare ta idan duk gari na isa gare ta. Don haka mutane kan sa abin rarrabewa a gaba: ko dai duro mai murfi da wani faifai a ciki, wanda aka fi sani da sunan mai ƙirƙirarsa Phil Thien kuma kafinta kan iya yin sa da kansa, ko ƙaramin mazurarin guguwa da ake saya daban. Suna sauke mafi yawan gari da tarkace kafin farfela. Sai dai ba kyauta suke yi ba, kowannensu yana cin wani kaso na iskar. A kan inji mai doki 2 ana iya jurewa. A kan mai doki 1 abin da zai rage ba zai ishi injin fere katako ba.

Mai guguwa an gina shi ne tun farko a kan wannan rarrabewar. Iska na shiga wani dogon mazurari ta gefe, ta yi ta juyawa, nauyi ya jefa gari jikin bango ya zurara cikin duro a ƙasa, iskar ta fita ta tsakiya zuwa farfela da filta. Farfela ba ta haɗuwa da ƙusa, filta na daɗewa ba ta toshe ba, kuma ja ba ya raguwa don duro ya kusa cika. Masu ƙera wasunsu kan yi ikirarin raba kashi 99 cikin 100, amma a lura da nauyi ake wannan lissafi, ita kuwa lallausar ƙura ba ta da nauyin kirki. Ko mai guguwa ba ya wadatuwa sai da filta mai kyau.

Dogon mazurari ya fi gajere iya raba lallausar ƙura. Gajerun an yi su ne don su shiga ɗaki mai gajeren rufi, kuma filtarsu ta fi saurin cika. Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi kunyata masu sayen na hannu: tsayi. Cikakken mai guguwa kan haura mita 2, wasu su kusa mita 2 da rabi ko fiye, kuma moton a can ƙoli yake, yana son sarari ya sha iska. Auna rufinka kafin ka bar gida. Ka kuma tuna nauyin moto da farfela ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗaga sama.

Wurin da mai guguwa ke ɓaci ba a sani ba shi ne mahaɗar mazurari da duro. Idan iska na shiga ta nan, ko ta murfin da ya lanƙwashe ko robar da ta bushe, tana ɗaga garin da ya sauka ta mayar da shi sama zuwa filta. Mai shi zai ce maka inji ya daina aiki sosai, alhali roba ce kawai. Irin wannan sa'a ce ga mai saye. Mazurarin da ya lotsa ko tsatsa ta huda shi kuwa wani zance ne daban, domin santsin cikin shi ne aikin.

Wanne ya fi ɗibar iska? A nan sai an yi hattara da lambar CFM, wato kubik ƙafa nawa na iska inji ke ɗiba a minti. Wadda ake rubutawa a takarda galibi an auna ta ne ba tiyo, ba bututu, wani lokaci ba filta. Da an haɗa komai, ba mamaki ta koma rabi. Bututu ma yana da iyakarsa. Don gari kada ya kwanta a ciki ana son iska ta yi gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, kuma a wannan gudun bututun inci 4 kimanin CFM 350 yake ɗauka, na inci 6 kuwa kusan 800. CFM 350 ta isa kwashe sassaƙe. Kama lallausar ƙura kafin ta bazu yana son fiye da haka nesa. Bill Pentz, Ba'amurken da ƙurar katako ta kwantar da shi har ya duƙufa binciken lamarin, kuma kamfanin Clear Vue ya gina injinansa a kan zanensa, kusan CFM 1,000 yake ba da shawara ga manyan injuna. Akwai masu ganin ya tsaurara, amma hujjarsa a kan bututu tana nan: wanda ya sayi mai guguwa mai doki 3 ya jona masa tiyon inci 4 ya shaƙe shi, bai fi mai buhu da komai ba ta wajen iska. Tiyo mai lanƙwasa ma ya fi bututu mai santsi tare iska nesa ba kusa ba, don haka a taƙaita shi.

Idan kana son sanin gaskiyar ƙarfin inji, faɗin farfela ya fi takarda faɗin gaskiya. Masu buhu yawanci inci 10 zuwa 12 ne, manyan masu guguwa inci 14 zuwa 16. Cire murfin bakin shiga ka auna.

Moto da wutar gidanka

A jikin kowane moto akwai ɗan allon ƙarfe mai rubutu. Ka nemi a turo maka hotonsa tun kafin ka tashi, domin shi kaɗai kan iya kashe ciniki. Ninka bolt da amfiya, ka samu iyakar wat ɗin da moton ke sha. Wanda aka rubuta masa bolt 120 da amfiya 10 wat 1,200 ke nan, kuma bayan asarar zafi abin da ke isa farfela bai fi doki ɗaya da ɗan wani abu ba, ko me aka liƙa a jikin injin.

Duba kuma ko na wutar gida ne mai layi ɗaya, ko na masana'anta mai layi uku, wanda ma'aikatan lantarki ke kira tiri-fes. A nan tarkon araha yake. Idan masana'anta ta rufe ko makaranta ta sabunta kayanta, manyan injuna masu ƙwari kan fito a farashin da ke jan rai, kuma dalilin arahar shi ne gidaje kaɗan ne ke da wutar da za ta juya su. Ana iya sa musu na'urar VFD mai mayar da layi ɗaya uku, wadda har tana tayar da moto a hankali, amma sai ƙarfin wutar da moton ke so ya dace da wanda na'urar ke fitarwa, kuma idan aka haura doki 3 kuɗinta da kaurin wayar da za a ja kan cinye ribar. Wani abin lura: moto mai layi uku idan aka sauya wayoyi biyu baya yake juyawa, farfela kuwa ko baya take juyawa tana zuƙa, sai dai da rauni ƙwarai. Akwai injinan da aka yi wa kuɗin goro saboda wannan kaɗai. Akwai kibiya a jikin gida, ka kwatanta.

Ga injin da ya tsallako daga wata ƙasa, akwai batun 50 Hz da 60 Hz, wato sau nawa wutar lantarki ke kai-komo a daƙiƙa. Moton da ke juyi kusan 3,450 a minti a wutar Amurka mai 60, idan ya zo ƙasa mai 50 zai koma wajen 2,850. Iskar da yake ɗiba ta ragu da kashi ɗaya cikin shida, ƙarfin jansa da kusan kashi 30 cikin 100. Akasin haka ya fi haɗari: farfelar da aka auna don 50 idan ta hau 60 tana neman ƙarfin da ya haura nata da kusan kashi 70 cikin 100, koyil, wato naɗin wayar cikin moto, ya yi zafi ya ƙone.

Babban moto kuma yana fizgar wuta ninkin-ba-ninkin ta aikinsa lokacin tashi, ga farfela mai nauyi da ke jinkirta shi. Daga doki 2 zuwa sama, ka ɗauka zai so layinsa da birekarsa shi kaɗai, domin tare da zarto zai riƙa aiki. Wannan aikin mai gyaran wuta ne.

Ranar da za ka je gani

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da tocila, ma'auni, takunkumi, da mitar auna amfiya mai kama waya idan kana da ita. Ka roƙi mai shi kada ya kunna kafin ka iso, domin moto mai sanyi ya fi nuna halinsa.

Fara da cire fulogi. Juya farfela da hannu, ka kuma jijjiga ta gefe da gefe. Ta juya sumul, ba gurnani, ba sako-sako, ba ta gogar gida. Haska fukafukanta ka nemi tsagewa a wurin walda, lanƙwasa, ko ɓallewa idan ta roba ce. Farfelar da ta rasa daidaito tana cin boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfen da sandar moto ke juyawa a ciki, kuma gyaranta da guduma ba ya ɗorewa. Idan ba a samun sabuwa ta wannan samfurin, ka bar injin.

Sannan a kunna. Ya kamata ya tashi ya kai cikakken gudu cikin 'yan daƙiƙu. Idan ya tsaya yana guɗa bai juya ba, yawanci kafasita ce ko makunnin cikin moto, kuma gyara ne mai sauƙi wanda zai ba ka damar rage farashi. Ɗora hannu a gida ka ji girgiza. Bar shi ya yi kamar minti goma, ka shaƙa ko akwai ƙaurin koyil. Lokacin da aka kashe ne kunne ya fi amfani: yayin da gudu ke raguwa za ka ji wani ƙas guda, makunnin ciki ne ya koma wurinsa, lafiya ke nan. Kukan ƙarfe ko gurza kuwa boris ne. Shi ma ana canza shi. Koyil da ya ƙone ne ba na shiga, domin moto shi ne mafi tsada a jikin injin.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: irin wannan inji ya fi shan wuta idan bakinsa a buɗe yake, ya rage sha idan an toshe shi, domin aikinsa gwargwadon iskar da yake turawa ne. Kada ka bar shi ya daɗe yana gudu ba tiyo ba filta. Idan mitarka ta nuna amfiya ta haura ta jikin allo alhali komai a haɗe yake, akwai matsala.

Idan mai shi ya dage filtarsa sabuwa ce, sa tocila a ciki ka duba daga waje, duk inda haske ya ɓullo kafa ce. Masu mariƙin juyawa a sama, wanda ke kaɗa naɗe-naɗen daga ciki, kan sami gogewa daidai inda filafilin ke bugawa. Gari a gefen da iska ke fita shaida ce ƙura na wucewa. Ka kuma yi tambayar da muka yi wa bakyum. Injin da ya yi aiki a wurin wasa ƙarfe, musamman alminiyom, ko ya sha garin katakon da aka jiƙa da maganin CCA mai ɗauke da gubar asenik, ba na kawowa gida ba ne.

Bututu, gwiwoyi da ƙofofin rufe layi su ne kayan da sayensu na hannu ba shi da wata fargaba, kuma sababbinsu kan ci kuɗi fiye da zato. Idan mai shi yana kwance shago ne gaba ɗaya, ka taya su tare. Tsohon tiyo kan bushe ya tsage a tsakanin zobba, lanƙwasa shi ka gani.

Akwai kuma akwatin tace iska da ake ratayawa a rufi. Fanka ce da filta, na hannunsa ba ya da wuyar dubawa. Amma ƙurar da ta riga ta bazu yake tacewa, wadda kai ma kake shaƙa a lokacin. Shi ne na ƙarshe a jerin sayayya, bayan an gama da kamawa a bakin inji.

Abin da zan zaɓa

Ga mai aiki shi kaɗai a gareji ko ƙaramin ɗaki, yana kunna inji ɗaya a lokaci guda, zan ɗauki mai buhu na hannu mai doki 1 da rabi ko 2, da farfelar ƙarfe mafi faɗi da na samu. In sa masa sabuwar filta ta maikiron 1 ko ƙasa, in sa abin rarrabewa a gaba, in riƙa tura shi kusa da injin da nake aiki da shi da gajeren tiyo. In haɗa da bakyum don injinan da ake riƙewa a hannu, shi kuwa zan fi son sabo idan ban san tarihin na hannun ba, tare da ƙaramin mazurari a kan bokiti irin Dust Deputy na kamfanin Oneida. Mai buhu mai doki 1 sai ga wanda injinsa ɗaya ne kuma ƙarami.

Mai guguwa na hannu ya cancanci kuɗinsa da wahalarsa idan abu uku sun haɗu: injuna da yawa a kafe da za a ja musu bututun inci 6, rufi mai tsayi, da wutar da za ta ɗauke shi. Idan kana yawan aikin samfefa ko yanka MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, ko akwai mai asma a gidan da shagon ke manne da shi, zan matsa maka ka yi ƙoƙarin haɗa ukun nan. Idan ɗaya ya ɓace, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Na masana'anta mai layi uku kuwa sai wanda ya riga ya zauna da mai gyaran wuta sun yi lissafi.

Ko wanne ka ɗauko, cire tsohon buhu ko filta a waje kana sanye da takunkumi, ka ɗaure su a leda kafin injin ya shiga ɗaki. Bayan ka haɗa komai, jira dare, ka kashe fitila, ka kunna inji, ka yanka katako ɗaya, sannan ka bi kowace mahaɗa da tocila mai ƙarfi: bakin filta, zoben leda, murfin duro, inda gidan farfela ya haɗu da murfinsa. Duk inda ka ga siririn hazo na fita, ka toshe shi da roba ko silikon, ka sake gwadawa.